Allah Ya Sauko Inda Muke

Ko kuna Karu, ko Kuje, ko Bwari, ko Kwali, ko Abaji, ko wani ƙauye a bayan Gwagwalada, muna roƙon Allah ya sa salamarsa a gidajenku.

Karatunmu na yau yana cikin wasiƙar Bulus zuwa ga Filibiyawa sura 2, aya 5 zuwa 11, da kuma Bisharar Yohanna sura 1, aya 1 zuwa 14. Idan akwai Littafi Mai Tsarki kusa, a ba ɗaya daga cikin yara ya karanta wa iyali duka kafin a ci gaba.

Za mu yi magana a kan tawali'un Allah. Mun saba jin wa'azi a kan tawali'un da ya kamaci mutum, amma ba kullum muke tunawa cewa Allah da kansa ne ya fara ƙasƙantar da kai ba. Mahaliccin sama da ƙasa ya zama mutum, aka haife shi, ya yi girma, ya ji yunwa, ya mutu. Wannan shi ne asirin da bangaskiyarmu ta tsaya a kai. Muna so mu duba ma'anarsa, da dalilinsa, da abin da yake nema daga gare mu.

Yadda duniya take auna girma

Mu da muke zaune a Abuja da kewayenta mun san girma irin na duniya. A ranar 3 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar da ta keɓe wannan yanki domin sabon babban birnin tarayya. A ranar 12 ga Disamba 1991 kuma gwamnati ta taso daga Legas ta dawo nan. Tun daga lokacin manyan ƙasa suka taru a wuri ɗaya. Fadar shugaban ƙasa, da Majalisar Tarayya, da Kotun Ƙoli, duk suna gindin Dutsen Aso.

Duk wanda ya taɓa neman ganin wani babba a birnin nan ya san hanyar. Da fari akwai ƙofa da mai gadi. Idan ka wuce shi, sai ka cika takarda. Daga nan ka zauna a benci wurin sakatare har azahar, a ƙarshe a ce maka oga yana taro, ka dawo gobe. A kan titi kuma, da an ji jiniya kowa sai ya kauce. A idon duniya, yawan ƙofofin da ke tsakaninka da talaka shi ne yawan girmanka.

Sau da yawa da wannan ma'auni muke auna Allah. Mukan ce a ranmu, idan minista yana da wuyar gani haka, to, ina ga Allah Maɗaukaki? Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda muke cin kasuwa ɗaya da su, muke shiga mota ɗaya, sukan tambaye mu da zuciya ɗaya: yaya za a ce Allah ya shiga cikin mace, ya sha nono, ya yi barci? Kada mu yi fushi da wannan tambaya. Mai yinta yana kishin darajar Allah ne, mu ma kishin da muke yi ke nan. Ya kamata mu iya ba da amsa cikin ladabi, kuma ba za mu iya ba sai mun fahimci abin da muka gaskata.

Matakan saukowa

Bulus yana kurkuku lokacin da ya rubuta wa masu bi na Filibi. Filibi birni ne na Romawa a ƙasar Makidoniya, mutanensa kuma suna taƙama da zamansu 'yan Roma, kamar yadda muka gani a Ayyukan Manzanni sura 16. A wurinsu matsayi shi ne kome. Akwai 'ya'ya, akwai bayi, kowa ya san wurin zamansa. Wannan hali ya fara shiga ikkilisiya, har wasu mata biyu masu hidima, Afodiya da Sintiki, suka sami saɓani. Bulus bai kawo musu wata sabuwar doka ba. Ya ce su dubi Yesu.

Bari mu bi abin da ya faɗa mataki mataki. Yesu yana da ainihin kamannin Allah tun fil azal, daidai yake da Uba. Duk da haka bai riƙe wannan daraja ya ce ba zai saki ba. Ya ajiye ɗaukakarsa, wannan mataki na ɗaya ke nan. Ya zama mutum, na biyu. A cikin mutane ma bai zo a matsayin sarki ba, ya ɗauki matsayin bawa, na uku. Ya yi biyayya har ya kai ga mutuwa, na huɗu. Mutuwar kuma ta gicciye ce, na biyar.

Mu da muke rataya gicciye a wuya mun manta da kunyar da ke cikinsa. Romawa sun tanadi wannan hukunci domin bayi da 'yan tawaye da 'yan fashi. Ɗan Roma na asali ba a cika yi masa haka ba. Ana tuɓe mutum a rataye shi a bakin hanya domin masu wucewa su gani su ji tsoro. Mutanen Filibi da suka ji an karanta wannan wasiƙa sun gane sarai cewa babu wani mataki a ƙarƙashin wannan. Daga kursiyin sama Yesu ya sauko har inda ba sauran wurin sauka.

Abin da muke nufi, da abin da ba mu nufi ba

A nan akwai bukatar mu yi hankali da bakinmu, domin maganar tana da nauyi.

Sa'ad da muka ce Yesu Ɗan Allah ne, ba muna cewa Allah ya yi aure ya haihu ba. Allah ya sawwaƙe. Babu Kirista mai sanin Littafi da ya gaskata haka. Yohanna ya kira shi Kalma. Maganar mutum daga cikinsa take fitowa, ita ce take bayyana abin da ke zuciyarsa, ba za ka raba mutum da maganarsa ba. Haka Kalman Allah yake tare da Allah tun kafin a yi kome, ta wurinsa aka halicci dukan abubuwa. Allah ɗaya ne, ba mu da biyu.

Ba kuma muna cewa wani mutumin kirki ne ya yi ta ƙoƙari har aka ɗaga shi ya zama Allah ba. Tafiyar daga sama ta faro zuwa ƙasa.

Ba muna cewa da Yesu ya zo duniya sai sama ta zama wayam ba. Da ya zama mutum bai daina zama Allah ba. Abin da yake tun dā yana nan, sai ya ɗauki abin da dā ba shi da shi, wato jiki da rai irin namu.

Ba muna cewa ya yi shigar mutum ne kawai, kamar mai wasan kwaikwayo ba. Tun zamanin manzanni akwai masu koyar da cewa jikinsa kama ce kawai, Yohanna kuma ya tsawata musu a wasiƙarsa ta fari sura 4. Yunwar da ya ji a jeji ta gaske ce. Gajiyar da ta zaunar da shi a bakin rijiya a Samariya ta gaske ce. Hawayen da ya zubar a kabarin Li'azaru na gaske ne, jinin da ya zuba kuma jini ne.

Ikkilisiya ta daɗe tana tsaron wannan koyarwa. A shekara ta 325 shugabanninta suka taru a Nikiya, a ƙasar da yau ake kira Turkiyya, suka shaida cewa Ɗan ba halitta ba ne, ainihinsa ɗaya ne da Uba. A shekara ta 451 aka sake taruwa a Kalsidon, aka bayyana cewa Yesu Kristi ɗaya ne, cikakken Allah kuma cikakken mutum, Allahntakarsa da mutuntakarsa ba su gauraya ba, ba su kuma rabu ba. Ya kamata mu sani cewa 'yan Afirka suna kan gaba a wannan aiki. Atanasiyus, bishop na Iskandariya a Masar, an kore shi daga kujerarsa har sau biyar saboda ya ƙi sassauta wannan gaskiya.

Duk da haka waɗannan dattawa ba su ce sun gama gane yadda abin ya kasance ba. Shinge suka kafa domin kada mu faɗa rami ta dama ko ta hagu. Shi ya sa muke kiransa asiri. A Littafi Mai Tsarki asiri abu ne da mutum ba zai gano da wayonsa ba, sai Allah ya buɗe masa. Ko bayan an buɗe, zurfinsa ya fi ƙarfin gugarmu.

To, ga amsarmu ga mai tambaya. Idan Allah mai iko duka ne, wa zai hana shi saukowa in ya ga dama? Babban da ba ya iya sunkuyawa, tsoron rasa girmansa ne yake hana shi. Allah ba ya tsoron rasa kome. Hausawa suna cewa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Uba yakan durƙusa ya ɗauki ɗansa da ya faɗi cikin taɓo, ba wanda zai ce ubancinsa ya ragu. A nan ma aka fi ganinsa.

Magini ya shiga yumɓu

Wanda yake da takardar naira 20 a aljihu, bari ya ciro ta. A gaba akwai hoton Janar Murtala, wanda ya kafa dokar birnin nan. A baya kuma akwai wata mace zaune tana ginin tukunya. Ita ce Ladi Kwali, 'yar garin Kwali, wadda ta koyi sana'ar tun tana yarinya a hannun wata 'yar'uwar iyayenta. A shekara ta 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da Baturen nan Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja. Aikin hannunta ya kai Ingila da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984.

Iyayenmu mata da yawa sun san wannan aiki. Sai an haƙo yumɓu, a jiƙa, a tattake, a cire tsakuwa. Maginiya takan sunkuya tana zagaya tukunyar, hannunta duk laka. Ba a gina randa daga nesa. Littafin Farawa sura 2 ya nuna mana Allah a wannan matsayi, yana siffata mutum daga turɓaya. Ishaya da Irmiya su ma sun kwatanta Allah da maginin tukwane, mu kuma yumɓu. Ke nan tun ranar halitta Allah bai ji ƙyamar taɓa ƙasa ba.

Amma abin da ya faru a Baitalami ya wuce wannan nesa. Kome ƙaunar da Ladi Kwali take yi wa tukwanenta, ba ta taɓa zama tukunya ba, ba ta kuma iyawa. Maginiya tana waje, tukunya tana hannunta. Shi kuwa Maginin da ya gina mu, da ya ga aikin hannunsa ya tsage saboda zunubi, sai ya shiga cikin yumɓun da kansa. Ya zama abin da zai iya fashewa. Wanda ya siffata Maryamu, shi ne ya kwanta wata tara a cikinta. Wanda yake ciyar da tsuntsaye ya jira a ba shi nono. Idan wannan bai ba mu mamaki ba, mun saba da labarin ne har ya daina shigarmu.

Inda ya zaɓa ya sauka

Tun da ya yi nufin zama mutum, yana da ikon zaɓen gida. Akwai fadar Kaisar Augustas a Roma. Akwai gidan babban firist a Urushalima. Bai zaɓi ko ɗaya ba.

Wata doka ce daga babban birni ta tayar da Yusufu da Maryamu daga Nazarat zuwa Baitalami domin ƙidaya. Tafiya ce ta kusan nisan Abuja zuwa Minna, ga mace da tsohon ciki. Da suka isa ba su sami wuri ba, aka kwantar da jaririn a komin da ake zuba wa dabbobi abinci. Waɗanda aka fara sanar wa makiyaya ne masu kwana a daji. Da aka kai shi Haikali, iyayensa suka miƙa tsuntsaye biyu, hadayar da Littafin Firistoci sura 12 ya yardar wa wadda ba ta da halin sayen ɗan rago. Ba a daɗe ba Hirudus ya nemi ransa, suka gudu Masar da dare, suka zama baƙi a ƙasar wasu.

'Yan'uwa, wannan labari ba baƙo ba ne a kunnenmu. Kafin a zana taswirar Abuja akwai Gbagyi, da Gade, da Gwandara, da Koro, da Bassa, da Ganagana, da Egbira, da wasu, suna noma a nan, kaburburan kakanninsu suna nan. Doka ta fito daga sama, aka tashi mutanen tsohuwar Wuse zuwa Sabon Wuse a Jihar Neja, aka kai wasu ƙauyuka Kubwa. Unguwannin da yau sai mai hali ke iya zama a cikinsu, irin su Maitama da Asokoro, sunayen wuraren mutanen ƙasa suke ɗauke da su. Akwai kuma dubban da suka zo neman abinci daga Kudancin Kaduna da Filato da Nasarawa da Binuwai, kuɗin haya ya tura su Nyanya da Mararaba da Masaka, suna fita da asuba su yi wa birnin aiki, su koma da dare. Wasu sun ga an rushe ɗakin da suka gina da guminsu. Ga dukan waɗannan muna cewa, Ubangijinku ya san abin da ake ji idan an ce babu wuri. Yohanna ya ce ta wurinsa aka yi duniya, amma da ya zo cikinta ba a karɓe shi ba. Mai ƙasa ne ya zama baƙo a ƙasarsa.

Bai kuma zo duniya mai kwanciyar hankali ba. Matiyu sura 2 ya ba da labarin kukan iyaye mata a Baitalami bayan kisan yaran da Hirudus ya sa aka yi. Muna tunawa da ranar Kirsimeti ta 2011, da bam ya tashi a Cocin Katolika na St. Theresa da ke Madalla, kusa da Suleja, masu sujada suna fitowa, mutane da yawa suka rasa rayukansu. Wasu suka tambaya, ina Allah yake a ranar? Ba mu da amsar da za ta share dukan hawaye. Abin da muka sani shi ne, tun Kirsimeti na fari akwai jini da kuka, kuma a tsakiyarsu ya zaɓa a haife shi.

Ya yi girma a Nazarat, ƙauyen da ko sunansa bai fito a Tsohon Alkawari ba. Da aka gaya wa Nata'ala inda Yesu ya fito, sai ya yi shakkar ko wani abin kirki zai iya fitowa daga can. Har ya kai wajen shekara 30 yana sana'ar kafinta, irin aikin da muke gani a Kugbo da Dei-Dei, hannu da kanta, jiki da ƙurar katako. Yawancin kwanakinsa a duniya a wannan aiki suka ƙare, ba wanda ya san shi.

Sai kuma maganar harshe. A zamaninsa Latin ne harshen masu mulki, Helenanci harshen kasuwa da boko, Ibrananci harshen karatun Littafi. Yesu kuwa da Aramiyanci ya tashi, harshen gida na talakawa. Markus ya adana mana kaɗan daga kalmominsa yadda suka fito daga bakinsa, har da Abba, sunan da ya kira Ubansa da shi a Gatsemani. Mutanen Galili ma suna da karin harshen da ake gane su da shi. A daren da aka kama Yesu, maganar Bitrus ce ta tona shi. Mun san yadda ake yi wa mutum dariya idan Hausarsa ko Turancinsa ya karkace, mun san yadda ake mai da sunan kabilar mutum kalmar ba'a. Mai Cetonmu ya fito daga yankin da ake yi wa irin wannan kallo.

Shi ya sa bishara ba ta da wani harshe guda da aka ce dole sai da shi za a kusanci Allah. Masu bishara na SIM da suka zauna a Karu wajen 1910 sai da suka zauna a gaban mutanen gari suka koyi Gbagyi kamar yara. Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, har yau kuma ana ci gaba da juya shi zuwa harsunanmu. Muna godiya domin Hausa da take haɗa mu a sujada. Amma kaka da take addu'a da Gade ko Koro ba ta bukatar tafinta a gaban Allah.

Me ya sa ya yi haka?

Dalili na fari, domin mu san Allah. Annabawa sun yi ta ba da labarinsa, amma gani ya kori ji. Idan kana so ka san yadda Allah yake ji game da kuturu, dubi Yesu yana taɓa shi. Idan kana so ka san yadda yake duban mace mai zunubi da ta tuba, ko yaran da manya suke kora, dubi Yesu. Ya gaya wa Filibus cewa ganinsa ganin Uba ne. Ke nan tawali'un da muka gani a wurinsa halin Allah ne na ainihi.

Dalili na biyu, domin ya ji abin da muke ji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ibraniyawa sura 4 ta ce Babban Firist namu an gwada shi ta kowace hanya kamar mu, sai dai bai yi zunubi ba, saboda haka yana jin tausayin kasawarmu. Sa'ad da kike addu'a a kan kuɗin makaranta, ko ciwon da ya ƙi ji, ko ɗan da ya bijire, ba wani oga kike faɗa wa da bai taɓa sanin rashi ba.

Dalili na uku shi ne mafi girma. Ya ɗauki jiki domin ya mutu a madadinmu. Mutum ne ya yi zunubi, mutum ne ya kamata ya biya, amma babu mutumin da yake da abin biya, domin kowa yana da nasa bashin. Allah ne kaɗai yake da iko ya cece mu. Saboda haka Mai Ceto ya zama dole ya kasance Allah kuma mutum. An san matan Gbagyi da ɗaukar kaya a kafaɗa, itace ko doya ko ruwa, su yi tafiya mai nisa da shi. Sun san cewa kaya ba ya hawa kafaɗa sai mai ɗauka ya sunkuya. Ishaya sura 53 ta ce cututtukanmu da laifofinmu a kansa aka ɗora. Ya sunkuya ne domin kayan ya hau.

Labarin bai tsaya a kabari ba. A rana ta uku ya tashi, Uba ya ɗaukaka shi bisa kowane suna, wata rana kuma kowa zai durƙusa a gabansa, har da masu jiniya. Da ya koma sama bai tuɓe mutuntakarsa ya yar ba. Toma ya ga tabon ƙusoshi a hannunsa bayan tashinsa. Wanda yake roƙo dominmu a dama ga Uba ɗan'uwanmu ne.

Abin da wannan yake nema daga gare mu

Ga wanda duniya ta raina, muna cewa ka daina raina kanka. Kada ka ɓoye sunan ƙauyenku, kada ka hana 'ya'yanka harshen kakanninsu don gudun ba'a. Noma da birkila da goge-goge a ofis ba abin kunya ba ne, tun da Ubangiji ya riƙe guduma.

Ga wanda Allah ya ɗaga, muna cewa ka sauko. A cikinmu akwai daraktoci da hafsoshi da 'yan majalisa, muna gode wa Allah dominsu. Amma girman kai rawanin tsiya ne. Yarinyar da aka kawo daga ƙauye tana aiki a gidanki, me take ci, ina take kwana, tana zuwa makaranta? Direba da mai gadi suna samun albashinsu a kan lokaci? Dangi daga gida suna iya wuce ƙofarka? A daren ƙarshe Yesu ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, Yohanna kuma ya ce ya yi haka yana sane da cewa Uba ya danƙa kome a hannunsa. Wanda ya san ko shi wane ne a wurin Allah ba ya jin tsoron aikin bawa.

Ga ikkilisiya kuma akwai gargaɗi. Muna da manyan majami'u a birnin nan, har da Cibiyar Kirista ta Ƙasa da aka keɓe a 2005. Gini mai kyau ba laifi ba ne. Amma idan mai babbar riga ya shigo a makare aka tashi gwauruwa domin ya zauna a gaba, mun yi abin da Yakubu sura 2 ta hana. Idan ganin fasto ya zama da wuya kamar ganin minista, mun kwaikwayi wanda bai kamata ba. Idan ana rigimar kujera tsakanin kabila da kabila a zaɓen dattawa, mun koma Filibi.

Kada kuma a ɗauki tawali'u a matsayin yin shiru a kan zalunci. Da wani ma'aikaci ya mari Yesu a gaban babban firist, ya tambaye shi dalili. A Filibi ɗin nan, da aka yi wa Bulus dūka ba tare da shari'a ba, ya ƙi fita a ɓoye sai da mahukunta suka zo da kansu. Wanda aka karɓe wa gona yana da damar neman diyya ta hanyar doka. Abin da tawali'u ya hana shi ne ƙiyayya da ramuwa da raina wani mutum, ko da ba addininmu ɗaya ba.

Wataƙila akwai mai saurare da yake ganin ya yi nisa da Allah, zunubinsa ya yi yawa, ba shi da wanda zai yi masa iso. Ɗan'uwa, ba a cika takarda, ba a jira a benci. Shi ne ya taso ya zo ƙofarka. Ka tuba, ka gaskata da shi yau, ka faɗa masa da harshen da uwarka ta koya maka.

Mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin ba ka bar mu cikin nisa ba. Mun gode domin Ɗanka Yesu Kristi, wanda ya ajiye ɗaukakarsa ya zama ɗaya daga cikinmu. Ka gafarta mana girman kai. Ka ta'azantar da waɗanda aka raba da gidajensu da gonakinsu, da waɗanda suke makoki. Ka ba shugabannin ƙasarmu zuciyar hidima. Ka sa halin Kristi ya zauna a gidajenmu da ikkilisiyoyinmu, mu zauna lafiya da maƙwabtanmu. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Sai mun sake saduwa a shiri na gaba. Ubangiji ya kiyaye ku.